Idon Tsohon Maharbi Wajen Zaɓen Bindigar Gida

A ƙasar Fika, tun daga Potiskum zuwa Gadaka har gangaren Ngalda wajen kogin Gongola, bindiga ba baƙuwa ba ce. Bolewa da Ngizim da Karekare da Ngamo kowa na da maharbansa tun kaka da kakanni, kuma maƙeran da ke yi musu aiki ba su ƙare ba. Abin da ya sauya shi ne dalilin nemanta. A da saboda nama ake ajiye ta, da kuma birai da gyadon da ke ɓarna a gona. Amma tun daga watan Mayun 2012, da 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanu ta Potiskum suka kashe mutane da dama, sai ga kisan ɗalibai a Mamudo a Yulin 2013, sai bam ɗin makarantar sakandaren kimiyya ta Potiskum a Nuwamban 2014, magidancin da ko danƙo bai taɓa harbawa ba ya fara tambayar kuɗin bindiga. Da wancan tashin hankali ya lafa kuma, satar shanu da satar mutane ba su bar zukata sun kwanta ba.

Mai hankali a cikin irin waɗannan magidanta ba ya zarcewa maƙera da kuɗi a aljihu. Yakan nemi tsohon maharbi, irin waɗanda ke zama a ƙofar Sarkin Baka, ya ce a duba masa. Wannan dubawa sana'a ce mai zaman kanta, kuma ni a wurina ta fi iya harbin burgewa, domin gwanin harbi ana samunsa har a cikin samari, amma mai iya zaɓa wa wani bindiga sai wanda ya ga jiya ya ga yau, ya kuma je jana'izar waɗanda bindigarsu ta ci.

Tsohon ba ya fara magana da bindiga. Mutumin yake fara dubawa.

"Baba, so nake in ajiye wani abu a gida saboda halin yau."

"To madalla. Wa kake tsoro, ɗana?"

"Ɓarayi mana, Baba."

"Ɓarayin akuya, ko masu zuwa a kan babura?"

Wannan tambaya ita ce rabin aikin. Ɓarawon da ke tsallako katanga ya kwance akuya, haushin kare da hasken tocila da gyaran murya sun ishe shi. Su kuwa masu zuwa su goma sha da AK-47, wadda ke ɗaukar harsashi 30 a zubi guda, bindigar toka ɗaya ba za ta tare su ba, sai dai ta nuna musu ɗakin da maigidan yake. Tsohon ya san wannan, ba ya kuma ɓoye wa mai tambaya. Idan ka ji ana labarin maharban da suka taimaka wa sojoji ƙwato Mubi a ƙarshen 2014, ka tuna cewa taron dangi suka yi, mutanen da suka san daji suka san juna, ga kuma sojoji tare da su. Babu wanda ya yi wannan shi kaɗai a bakin ƙofarsa.

Yana tambayar nan yana karantar mutum. Mai saurin fushi ne? Yana da rikicin gona da ɗan'uwansa, ko shari'ar gado da ba a gama ba? Yana taɓa ƙwaya? Idonsa na gani da dare, ko dundumi ya fara kama shi? Akwai saurayi mai zafin kai a gidan? In ɗaya daga cikin waɗannan ta tabbata, za ka ji tsohon ya fara yabon kare da gora da ƙofar ƙarfe mai sakata biyu. Ba zai ce maka ba ka cancanta ba, don ba a kunyata babban mutum. Zai ce dai, "Bari mu ga bayan damina." Mai fahimta ya fahimta.

Abin mamaki, ma'aunin tsohon da na doka kusan ɗaya ne, ko da yake bai taɓa buɗe littafinta ba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali a cikin shekara 5 da suka wuce. Ta kuma kasa bindigogi gida uku. Na farko su ne haramtattu, wato makaman soja da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu su ne irin mai baki ɗaya da mai baki biyu da ake karyawa a sa harsashi da hannu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, su adaka da harba-ka-ruga, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙira da gyara ma doka ta ce sai da izini. A 2022 Gwamna Bello Matawalle ya ce wa Zamfarawa su nemi lasisi su mallaki bindiga, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai. Don haka tsohon da ya san abin da yake yi yakan tura mutum wurin mai unguwa da ofishin 'yan sanda tukuna, ya ji matsayin da ake ciki, kada garin neman gira a rasa ido.

In an wuce wannan, sai ya ce a kai shi gidan. Nan ne na fi jin daɗin kallon aikinsa. Yakan shiga zaure ya tsaya, ya duba yadda ƙofar waje da ta ciki suka saɓa, kamar yadda ake ginin gidajenmu don kada na waje ya hango tsakar gida. Doguwar adaka, wadda in an tsayar da ita takan kai kafaɗar mutum, ba ta juyuwa a irin wannan lungu. Kafin ka karkato bakinta, wanda ke gabanka ya riga ya kama shi. Sai ya fito tsakar gida ya tsaya daidai ƙofar turakar maigida, ya miƙa sandarsa zuwa inda ake jin ɓarawo zai diro, ya tambaya: me ke bayan can? In katangar ƙasa ce mai kauri, za ta shanye ƙananan dalma. In zana ce ko langa-langa, ba abin da za ta tare, kuma wataƙila a bayanta ne maƙwabta ke shimfiɗa tabarma lokacin bazara, sa'ad da zafin Yobe ke koro kowa daga ɗaki. Ya tambayi ɗakin uwargida, da na amarya, da inda yara ke bi zuwa makewayi da dare, da inda turken dabbobi yake. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa, don sai a tarar babu wata kusurwa a gidan da za a yi harbi ba tare da an saita wani na gida ba.

Akwai kuskuren da yakan gyara wa kusan kowa. Mutane na zaton harsashin mai baki biyu watsuwa yake yi ya cika ɗaki, ba sai an yi saiti ba. A nesa ne yake bajewa. A tazarar tsakar gida dunƙule yake tafiya, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, ana iya kuskure da shi sarai, kuma duk abin da ya samu ya gama da shi. Bayan taku arba'in zuwa hamsin kuwa ƙarfinsa ya fara zubewa. Wannan gajeren zango aibi ne a wurin mai farautar barewa, amma a cikin gari alheri ne, domin harsashin bindigar soja yana iya tafiyar fiye da kilomita ya faɗa kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Sai a zo kan ita kanta bindigar. A ce an kawo ta toka, ƙirar gida. Tsohon zai karɓa bakinta na kallon sama, yatsansa nesa da kunama. Kafin komai sai ya zaro sandar ɗuri ya zura ta a ciki har ta tsaya, ya kama daidai baki da babban yatsa, ya zaro ya gwada tsawon a jikin bututun ta waje. In sandar ba ta kai gindi ba, akwai ɗuri a ciki, ko da mai ita ya rantse da abin da zai kashe shi cewa babu komai. Ɗuri kan ɗuri yakan fasa bindiga a hannun mai ita, kuma wasu yatsun da ka ga babu a hannun maharba, nan suka tafi.

Bayan ya tabbata fanko ce, sai ya bi bututun da yatsa a hankali, ido a lumshe, yana neman kumburi ko layin ɗinki. Bututun famfo mai ɗinki a tsaye ba a yi shi don ɗaukar tashin albarushi ba, komai baƙin fentin da aka shafa masa. Ya ƙwanƙwasa shi da bayan wuƙa ya saurara: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da zaƙin murya, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Ya leƙa ciki da tocila don tsatsar da ta ci rami, domin tokar albarushi na jan laima, bindigar da ba a wanke ta bayan harbi daga ciki take ruɓewa alhali wajenta na sheƙi. Ya duba gindin bututun, inda wuta ke tashi, wanda shi ne ke daf da fuskar mai harbi. Ya ɗana ta, ya bubbuga kututturen da tafin hannu. In kunamar ta saki da kanta, sai ya miƙa wa mai ita ba tare da ya ce uffan ba, ciniki ya ƙare. Wadda ke tashi don an bubbuge ta, ranar da ta zame daga jikin bango za ta tashi.

In mai baki biyu ce ta kamfani, dubawar ta ɗan bambanta. Zai karya ta ya ɗaga wa haske, ya rufe ya girgiza ya ji ko mahaɗin na motsi, ya gwada makullin kariya, sannan ya nemi lambar da ke jikinta ya gwada da ta takarda. Wadda aka goge wa lamba ba ya ko son ta kwana a zaurensa, don ba a san jinin da ke kanta ba.

Sai kuma ya sa mai saye ya ɗora a kafaɗa. Ɗan siririn mutum da ƙatuwar bindiga, dukan da za ta yi masa a harbin farko zai sa ya riƙa runtse ido tun kafin ya ja kunama, kuma wanda ke harbi ido a rufe ya fi ɓarawo hatsari ga iyalinsa.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da ta toka: harbi ɗaya gare ta. Kafin a sake ɗura ta cikin duhu, hannu na rawa, an daɗe, ga hayaƙinta ya rufe maka gani. Da damina albarushi kan sha sanyi ya ƙi tashi, wani lokaci kuma ya yi jinkiri ya tashi bayan mutum ya sauke ta yana leƙen abin da ya faru, shi ya sa ake cewa in ta ƙi, a bar bakinta inda yake a ƙirga da yawa tukuna. Babban amfaninta a gida, a ganin maharba da yawa, ƙararta ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah ya san yadda take girgiza ƙirji. Ƙara ɗaya cikin dare ta tashi unguwa, 'yan banga su nufo wurin, maƙwabta su fito da tocila. A ƙauyen da mutane ke amsa kiran juna wannan ba ƙaramin abu ba ne. A inda kowa zai ƙara danna sakatarsa kuwa, ƙarar ba ta da wanda za ta kira.

Wani abu guda da ban yarda da wasu maharban a kansa ba shi ne maganin bindiga. Suna da layunsu da guraye, wannan tsakaninsu da imaninsu. Amma jaridun ƙasar nan sun sha kawo labarin waɗanda suka mutu wajen gwajin magani, kuma na lura tsofaffin da suka fi kowa yawan laya a riga su ne ba sa taɓa bari bakin bindiga ya kalli mutum, ko da wasa.

Ragowar karatun na ajiya ne da na dare. Bindiga a sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa ko ya taka turmi, in da hali a cikin akwati mai kwaɗo. Albarushi ko harsashi a wani wuri dabam, nesa da murhu da fitilar ƙwai. Uwargida ta san inda bindigar take, yara su san ba abin wasa ba ce, abokan hira a majalisa kuwa kada su san akwai ta, domin bindiga kanta abin sata ce, akwai gidajen da saboda ita ake shiga. Da dare kuma ba a harbin motsi. Sai an haska, an yi magana, an kira suna, domin wanda ya fi yawan tsallako katanga bayan an rufe gida shi ne ɗan gidan da ya daɗe a wurin kallon ƙwallo. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 33, ya amince da kare kai da dukiya, amma da ƙarfin da ya dace da barazanar. Wanda ya harbi ɓarawon da ya juya baya yana gudu da kaza, alƙali zai yi masa tambayoyin da ba zai ji daɗinsu ba.

Ba a ara wa kowa bindiga, ko ƙanin da kuke ciki ɗaya, ko don bikin aure. Lasisi da sunan mutum ɗaya ake yanka shi, ba ya bin gado kamar gona. Ran da maigida ya kwanta dama, magada su sanar da hukuma su miƙa ta, wanda ke so a cikinsu ya nemi nasa izinin daga farko.