Ganɗoki da 'Yan Tsana: Matsalar Kai Littafin Yaƙi Dandalin Wasa

Daga cikin littattafai biyar ɗin nan da aka buga bayan gasar ƙaga labari wadda Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya cikin 1933, biyu ne suka kafu bisa yaƙi da hari, watau Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, dukansu kuwa sun fito a 1934. Na farkon ya riga ya sami masu kai shi dandali. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad, suka mai da shi wasan kwaikwayo, kamfanin Longman ya buga a 1975, sa'an nan Adamu Halilu ya ɗauke shi a sinima cikin 1976. Wannan ba abin mamaki ba ne, gama labarin Shaihu Umar na mutane kaɗan ne, da yaro da uwarsa da waɗanda suka sace su ko suka saye su. Ganɗoki kuwa wani abu ne dabam. Abin da za a duba a wannan takarda shi ne yadda malami zai yi in ya yi niyyar shirya shi da ɗalibansa, musamman a yammacin Zamfara, wajen Anka da Gummi da Bukkuyum, da kuma dalilin da ya sa 'yan tsana suka fi mutane dacewa da rabin aikin.

Mai karatu ya san yadda littafin ya ke. Tsohon mayaƙi ne ya ke ba yara labarin kansa. Ya yi yaƙi ƙarƙashin Sarkin Sudan na Kwantagora Ibrahim Nagwamatse, ya ga zuwan Turawa waɗanda suka ci Kwantagora a 1901, ya kuma bi sawun Sarkin Musulmi Attahiru, wanda aka kashe a Burmi cikin 1903. Daga nan sai labarin ya bar tarihi, Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka faɗa ƙasashen aljannu, suka yi ta faɗa suna cin nasara, har suka komo gida suka tarar zamani ya sake. To, duk wanda ya taɓa shirya wasa a makaranta zai ga wahala uku nan da nan. Ta farko dawaki, don ba a sukuwa a ɗakin taro. Ta biyu yawan jama'a, don yara goma da takubban katako ba su zama runduna, dariya kawai su ke jawowa. Ta uku aljannu, gama in aka shafa wa yaro baƙin tukunya aka ce shi ne aljani, lalle 'yan kallo za su ɗauka tashe a ke yi.

A Ingila an gamu da wahala irin ta farko, aka kuwa warware ta da 'yan tsana. Cikin 1982 Michael Morpurgo ya fitar da littafinsa War Horse, watau Dokin Yaƙi. Labarin wani doki ne mai suna Joey, wanda soja suka saya daga wata gona aka kai shi fagen Yaƙin Duniya na Farko a Faransa, yaron da ya rene shi kuma ya bi shi nema. Dokin da kansa ne ya ke ba da labarin. A 2007 Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a Landan ya nuna shi bisa rubutun Nick Stafford. Waɗanda suka ƙera dawakin kuwa ƙungiyar Handspring ce ta Afirka ta Kudu, wadda Adrian Kohler da Basil Jones suka kafa da abokansu a 1981. Kafin wannan, a 2004, ta yi aiki tare da ƙungiyar Sogolon ta Yaya Coulibaly na Bamako bisa wani wasa na raƙumin dawa, saboda haka sana'ar ba baƙuwa ba ce ga Afirka ta Yamma. Kowane doki girmansa ya kai na gaske, an lanƙwasa sanduna an ɗaure, an lulluɓe da yadi marar kauri. Mutum uku ke sarrafa shi, ɗaya a kai, biyu a ciki, ba a kuwa ɓoye su ba. Da numfashi da motsin kunne dokin ya ke nuna tsoro ko natsuwa. Muhimmin abin da Stafford ya yi shi ne ya hana dokin magana gaba ɗaya.

A nan ne malami zai yi hattara, kada ya kwaikwayi abin da bai dace da littafinsa ba. A littafin Morpurgo mai ba da labari shi ne wanda yaƙi ya faɗa wa, da aka rufe masa baki sai ya ƙara zama doki, tausayinsa ya ƙaru. A Ganɗoki kuwa mai ba da labari shi ne mai kai yaƙin, bakinsa kuma shi ne dukiyar littafin. In aka cire kirari da fariya da zuga, abin da zai rage bai fi jerin garuruwa da sarakuna ba. Wanda ya duba ginin jimlolinsa ta fuskar nahawu zai ga wani abu har wa yau. A wuraren faɗa Ganɗoki da mutanensa su ne masu aikatawa, aikatau na bin aikatau da sauri, abokan gaba kuwa galibi su kan zo ne a matsayin waɗanda aikin ya faɗa wa, a jam'i, ba suna ba murya. Watau littafin da kansa ya riga ya raba mutanensa biyu, masu baki da marasa baki. Rabon aikin dandali sai ya bi wannan. Ganɗoki ya zama ɗan wasa mai rai mai murya, da maroƙinsa da makaɗansa, domin kirari abin kunne ne tun asali. Dawaki da aljannu da waɗanda aka kai wa hari su zama 'yan tsana.

Ba sai an je Landan neman kayan aiki ba. Ƙasar Hausa ta san dabo-dabo, inda mai wasa ya kan ɓuya ƙarƙashin zane ya fito da 'yan tsana a hannu yana yi musu murya. A Damagaram a kan kira su ɗiyan dabo. A Barno kuma R. E. Ellison ya bayyana irinsa a 1935, har da ɗan ɓawon ƙwan jimina da mai wasan ya ke sawa a baka don ya sake muryarsa. Ban da wannan, babu yaron karkara da bai hau dokin kara ba, babu yarinyar da ba ta goya 'yar tsana ba. Kara da gora da tukurwa da kaba da fata duk suna nan, masu saƙar zana da dukawa kuma sun san yadda a ke lanƙwasa su. Abu guda ne ya kamata a aro daga Handspring, shi ne barin hannun mai sarrafawa a fili. Mai dabo ya kan ɓuya don a yi mamaki, alhali wannan wasa yana bukatar ɗan kallo ya riƙa ganin wanda ke motsa abin.

Wannan tsari zai gyara aibin da ya fi fitowa fili a littafin, watau gaɓar da tarihi ya haɗu da tatsuniya. A takarda gaɓar tana da rauni, mai karatu ya kan ji kamar littafi biyu aka ɗinke. A dandali kuwa ana iya mai da raunin ma'ana. A kashi na farko dawaki su zama daidai girman doki, in bindiga mai ruwa ta same su masu sarrafawa su ajiye su su koma gefe, a bar kara kwance a ƙasa. A kashi na biyu aljannu su zama manya ƙwarai, masu muryar dabo, masu saurin faɗuwa. Ɗan kallo zai gane da kansa cewa jarumin da Turawa suka kora daga ƙasarsa yana cin nasara ne a kan tsumma da kara, tafiyar aljannu kuma mafarki ce irin ta wanda aka ci da yaƙi. Ba a ƙara wa Bello Kagara ko kalma ɗaya ba, an dai nuna abin da tsarin littafinsa ya ƙunsa.

Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan nauyi ga mutanen yammacin Zamfara. Daular Kwantagora ta yi suna wajen kai hari ƙasashen Gwari da Kambari don kamun bayi, waɗannan ƙasashe kuwa suna kudu da Zamfara ne, ba su da nisa ainun. Yaran makaranta na 1934 sun karanta hari a matsayin abin da ya wuce. Tun daga wajen 2011 kuwa hari ya komo Zamfara bisa babura. A Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangeɓe, a Janairu 2022 kuma aka kashe mutane masu yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ɗalibin da ya fito daga irin waɗannan ƙauyuka ba zai ji kirarin mai hari yadda kakansa ya ji shi ba. In aka nuna masa Ganɗoki jarumi zalla, an yi masa ƙarya. In kuma aka sa ɗan'uwansa ɗalibi ya kwanta yana kuka ana jansa da igiya, an fama masa miki. 'Yar tsana tana tsakanin biyun. Tana da nisan da zai bar shi ya iya kallo, shirunta kuma yana amsa wa kirarin amsar da littafin bai bayar ba. Haka kuma ba a tauye wa Ganɗoki haƙƙinsa ba, gama tsayuwarsa gaban Turawa jaruntaka ce ta gaskiya, sai dai an ajiye ta kusa da abin da jaruntakar ta yi wa waɗansu.

Saura abu biyu da za a iya kawowa na suka. Na farko batun sura. Malaman mazhabar Malikiyya sun hana ƙera surar abu mai rai in tana da inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, amma sun keɓe 'yan tsanar da yara mata ke wasa da su, bisa hadisin Nana A'isha. Dokin gora wanda a ke hangen cikinsa, wanda kuma ba ya tsayuwa sai mutane sun ɗauke shi, hukuncinsa na malamai ne, mai shirya wasa kuwa ya kamata ya nemi fatawarsu tun bai sari kara ba. Na biyu batun dariya. Hausawa sun saba ganin dabo abin raha ne, mai yiwuwa ne su fashe da dariya da zarar dokin ya shigo. Maganin wannan horo ne. Masu sarrafawa su yi makonni suna kallon doki a turke, yadda ya ke numfashi, yadda ya ke kaɗa kunne da wutsiya, su kuma rage motsi. Mutanen da suka san hawan salla ba a ruɗinsu a kan doki, amma in suka ga numfashin daidai ne za su yi shiru.

Malamin da zai gwada kada ya ɗauki littafin duka a karon farko. Ya zaɓi faɗa ɗaya daga kashin tarihi da ɗaya daga ƙasar aljannu, ya ƙera doki guda da aljani guda da 'yan tsana kaɗan na waɗanda aka kama. Bayan wasa ya tambayi ɗalibansa wa suka fi tunawa, mai kirarin ko waɗanda ba su ce kome ba. Amsar da suka bayar ita za ta nuna masa ko ya kamata a ci gaba da sauran littafin.