Jinjina ga Masu Kai Baƙi Kan Dala

Baƙon da ya zo Kano bai hau Dutsen Dala ba, da sauran kallo a gabansa. Amma hawan kaɗai ba ya buɗe wa mutum gari. Sai an samu ɗan unguwa, irin samarin nan da dattawan gindin dutsen, ya shige gaba yana nuni.

Su nake yi wa jinjina. Suna taka matakala da baƙo a hankali, in numfashinsa ya sarƙe su tsaya, su cika hutun da labarin Barbushe, jagoran masu bautar gunkin Tsumburbura, da maƙeran farko da suka zauna nan saboda tama. A can sama kuwa sai su miƙa hannu: ga Goron Dutse, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, ga inda ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ta bi, ga kuma wuraren da gine-gine suka cinye ta. Wannan na ƙarshen ba sa ɓoye shi, kuma ina ganin girmansu a kan haka.

Daga nan a gangara Kasuwar Kurmi ta zamanin Muhammadu Rumfa, a ratsa lunguna zuwa Gidan Makama, a ƙare a marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498. Tun 2007 ganuwar ke jerin jiran shiga wuraren tarihi na duniya na UNESCO. Kafin hukuma ta motsa, waɗannan bayin Allah ne ke riƙe da tarihin da ƙafa da baki, galibi a kan ɗan abin da baƙo ya ga dama ya bayar.