Sharhi Kan Hujjojin Ɓallewar Karaye Daga Masarautar Kano

Masu neman Karaye ta ci gashin kanta sukan kafa hujja biyu. Ta farko ita ce tarihi, watau daɗewar sarautar Karaye. Ta biyu kuwa nisa, domin ƙasar Rogo ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, can nesa da fadar Kano.

A ganinmu hujja ta biyu ta fi nauyi. Tarihi bai raba gardama ba, don shi ne kuma ya nuna Sarkin Karaye ya daɗe yana hakimin Sarkin Kano. Wahalar nisa kuwa, talakan Unguwar Hajji shi ke shan ta duk sa'ad da buƙata ta kai shi birni.

Amma akwai raunin da masu wannan ra'ayi ba su magance ba. A 2019 doka ta mai da Karaye masarauta mai daraja ta ɗaya. A 2024 wata dokar ta rushe ta, sa'an nan aka maido ta da daraja ta biyu a kan Karaye da Rogo kaɗai, ƙarƙashin Kano. 'Yancin da ke sauyawa da sauyin gwamna kayan aro ne, ba ya rufe katara.