Abin da Gwani Ke Dubawa a Kan Famfon Giya

Tun da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a 1978 kan dokar da ta ba Amurkawa damar dafa giya a gidajensu, sai wata sana'ar hannu ta tsiro a garejin motoci. Da wankin kwalabe ya ishi masu wannan sha'awa, sai suka koma ga tulunan ƙarfe na Cornelius masu cin lita 19, waɗanda kamfanonin Coca-Cola da Pepsi suka daina zuba lemo a ciki. A sa tulun a firiji, a haɗa shi da tukunyar gas, a huda ƙofar firijin a dasa kan famfo. Wannan kowa zai iya. Wajen zaɓen kan famfon ake gane gwani, kuma hankalin da suke sawa a kan wannan ɗan guntun ƙarfe yana burge ni ƙwarai.

Sabon shiga ƙyalli yake bi. Shi kuwa gwani, tambayarsa ta farko ita ce: in an rufe famfon, a ina ruwan yake tsayawa? A tsohon samfuri, irin na mashaya, matoshin yana can baya, saboda haka ɗan abin da ya rage a gaba iska na taɓa shi. A mashaya wannan bai dami kowa ba, tunda hannu ba ya sauka daga kan famfo. A gida fa? Sai a kwana biyu ba a buɗe ba. Ragowar ta bushe ta yi danƙo, mariƙin ya cije, wani lokaci har funfuna ta kama. Kamfanin Perlick da ke Milwaukee ya yi suna ne da samfurin da ke toshewa ta gaba, dab da bakin. Cikinsa kullum a cike yake, iska ba ta samun hanya, ko an daɗe ba a taɓa shi ba yana buɗuwa salin-alin. Ya fi tsada, amma gwani ba ya ja-in-ja a kan wannan kuɗin.

Sai batun ƙarfen. Mai araha tagulla ce aka lulluɓe da kurom. Yau da gobe rufin ya cinye, abin sha ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Wanda ya san abin yana neman ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 304, musamman in abu mai tsami zai bi ta ciki. Wanda ba ya shan giya ma wannan ya shafe shi, don da irin kayan nan ake zuba ruwan soda da kofi mai sanyi, kuma duk mai tunanin zuba zoɓo ta famfo, tsaminsa ba zai bar tagulla ta zauna lafiya ba.

Inda ƙwarewar ta fi ba ni sha'awa shi ne gwani bai taɓa kallon famfo shi kaɗai ba. Gas na danne abin da ke tulun da ƙarfin kamar psi 12, sanyin firiji na wajen digiri 3 a ma'aunin Salshiyas. In aka sako ruwan kai-tsaye da wannan ƙarfi, kumfa zalla za ta cika kofi. Dole a rage masa gudu a hanya, kuma tiyo ke wannan aiki: siriri, mai faɗin ciki 3/16 na inci, tsawonsa wajen mita 3, yana goga ruwan har ya iso bakin famfo a natse. Ruwan soda kuwa matsinsa ya ninka wannan, tiyon da zai lallashe shi sai ya cika firijin. A nan ne ake sayen famfo mai ɗan kunne a gefe, wanda ake murzawa ya matse hanyar daga ciki. Kuma ko da wane iri ne, a buɗe shi gaba ɗaya lokaci guda. Buɗewa rabi-rabi don tsoron kumfa, ita ke jawo kumfar.

Akwai kuma famfunan da aka ƙera don aiki ɗaya tak. Na giyar Guinness, wadda ta fara amfani da iskar naitirojin a 1959, yana da wani faifai mai ƙananan huji biyar a cikin dogon bakinsa, ta nan ake tilasta wa giyar ta kutsa har kumfarta ta yi laushi. Na Jamhuriyar Cek, irin wanda kamfanin Lukr ke ƙerawa a Pilsen, gefe ake juya mariƙinsa, kuma shi kam da gangan ake buɗe shi kaɗan don a fara tara kumfa. Gwani ba ya sayen ko ɗaya daga cikinsu sai ya san abin da zai zauna a tulunsa.

Kafin ya biya kuɗi kuma, sai ya warware famfon a hannunsa ya ga ko yana kwancuwa cikin sauƙi, ko ana samun zoben robarsa a kasuwa. Dalili kuwa, ƙa'idar masu sana'ar ita ce a wanke tiyo da famfo duk bayan mako biyu. Famfon da ke wahalar kwancewa, komai kyansa, a bar wa mai shago kayansa.