Takunkumin Dila da Baƙin Jinin Kura: Nazarin Jigon Wariya a Finafinan Dabbobi Masu Magana

Gabatarwa

Tun kafin majigi ya iso ƙasar Hausa, dabbobi suna magana a tsakar gidajenmu. Idan dare ya yi, kaka ko goggo ta tara yara, sai Gizo ya fito da tsamin bakinsa, kura ta biyo shi da kwaɗayinta, dila ya zo da malantarsa, zaki kuma ya hau karagar mulki. Frank Edgar ya tattara ɗimbin irin waɗannan labarai a littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, Abubakar Imam kuma ya ɗora nauyin Magana Jari Ce a bakin aku. Saboda haka yaron Kiru ko Bebeji da ke kallon zomo sanye da kakin ɗan sanda a wayar yayansa bai ga baƙon abu ba. Tsohuwar tatsuniya ce ta sauya riga.

Abin da ya bambanta shi ne saƙon da aka ba dabbobin su kai. Da yawa daga finafinan zane mai motsi, waɗanda yara ke kira katun, suna ɗauke da jigo guda a yanzu: kada a yanke wa kowa hukunci saboda asalinsa. Wannan maƙala za ta auna biyu daga finafinan kamfanin Disney na Amurka, wato The Lion King na 1994 da Zootopia na 2016, a kan ma'aunin tatsuniyar Hausa da kuma zamantakewar kudancin Kano. Matsayarta ita ce, irin wannan fim yana cin nasara idan ya tona yadda ake ƙera tsoro don a ci riba da shi, yana kuma yin tuntuɓe idan ya jingina bambancin mutane ga halitta.

Dabba a Tatsuniya: Hali Zanen Dutse

Mai tatsuniya yana da dalilin zaɓar dabarar mutuntarwa. Dabba ba ta bukatar dogon bayani. Da an ambaci kura, mai sauraro ya riga ya san kwaɗayi da tsoro da wauta ne ke tafe, kamar yadda ambaton dila ke kawo wayo. Wannan taƙaitawa ita ce ƙarfin tatsuniya, domin tana ba da damar isar da darasi kafin barci ya kwashe yara. Sai dai tana da sharaɗi mai nauyi, wato dabba ba ta sauya hali. Da wuya a ji tatsuniyar da kura ta yi tuban gaskiya. Karin maganarmu ma sun ƙarfafa haka: hali zanen dutse, ba a ba kura ajiyar nama, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A cikin tatsuniya wannan ba ya cutar da kowa, domin kura tana wakiltar wata ɗabi'a ce da ke cikin zuciyar kowane mutum. Kakar da ke ba da labarin tana jan kunnen jikanta ne game da kurar da ke cikin cikinsa, ranar da zai ga tuwon ƙanensa ya kai hannu. Hatsarin yana farawa ne lokacin da aka ɗauke dabbar daga wakilcin ɗabi'a aka mayar da ita wakiliyar wata al'umma. A nan dabarar da ke taƙaita labari ta koma kuɗin goro: duk ɗan wannan gida ɓarawo ne, duk ɗan wancan gari maƙaryaci ne. Ke nan mai shirya fim da yake son yaƙar wariya da bakin dabbobi ya ɗauki makamin da tun asali an ƙera shi ne a maƙerar da ake ƙera wariya. Tambayar ita ce yadda zai riƙe shi ba tare da ya yanke shi ba.

Kurayen The Lion King

The Lion King bai damu da wannan tambaya ba, shi ya sa ya dace a fara da shi. Labarin Simba ne, ɗan sarki Mufasa, wanda ƙanen mahaifinsa Scar ya kashe uban ya ƙwace sarauta da taimakon kuraye. Jigonsa na fili shi ne gado da ɗaukar nauyi. Amma idan aka dubi zubin ƙasar da aka zana, za a ga wani saƙo a ƙarƙashi. Zakuna suna zaune a fili mai haske da ciyawa, kuraye kuwa an tura su can maƙabartar giwaye, cikin duhu da ƙasusuwa. Kukansu ɗaya ne, yunwa. Fim ɗin bai taɓa tambayar wanda ya shata wannan iyaka ba, ko dalilin da ya sa wasu ke ƙoshi wasu na kwana da yunwa. Ranar da kurayen suka shigo cikin gari, ƙasa ta bushe, garke ya watse. Ranar da aka rabu da su, ruwa ya sauka.

Darasin da yaro zai ɗauka a nan shi ne akwai masu zama a ciki da masu zama a waje, kuma zaman lafiya ya dogara ga tsare ƙofa. Abin lura shi ne, ko a ilimin dabbobi wannan hoto bai tsaya da ƙafafunsa ba, domin masana sun tabbatar da cewa kura mai dabbare-dabbare ita ke farautar mafi yawan abin da take ci, kuma sau da dama zaki ne ke ƙwace mata. Baƙin jinin kura a fim ɗin gado ne daga labarai, irin wanda mu ma muka gada.

Zootopia da Takunkumi

Zootopia, wanda Byron Howard da Rich Moore suka ba da umarni, kuma ya ci lambar Oscar a 2017, ya fuskanci matsalar gaba da gaba. Tauraruwarsa Judy Hopps zomanya ce, 'yar manoman karas, wadda ta zama ta farko a jinsinta da ta shiga aikin ɗan sanda a babban birni. Shugabanta, wani ɓauna mai suna Bogo, ya raina ta ya tura ta rubuta wa motoci tara. Abokin tafiyarta Nick Wilde ɗan damfara ne daga dangin yanyawa, kodayake duk Bahaushen da ya gan shi dila zai kira shi, saboda kama da kuma hali.

Gwanintar fim ɗin ita ce bai bar kowa da tsabtataccen hannu ba. Judy da ake yi wa wariya ita ma tana yawo da maganin fesawa na korar dila a ƙugunta. Da aka gano dabbobi goma sha huɗu da suka ɓace, dukkansu masu cin nama, sun haukace, sai ta tsaya gaban 'yan jarida ta danganta abin ga halittarsu. Ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma maganar ta raba birnin biyu, maƙwabci ya fara tsoron maƙwabcinsa. Wannan fitowa ta fi kowace daraja a fim ɗin, domin ta nuna cewa mutumin kirki ma yana iya kunna wutar da ba zai iya kashewa ba.

Alama mafi ƙarfi a labarin ita ce takunkumi. Nick yana yaro ya so shiga wata ƙungiyar yara masu ɗa'a, sai sauran yaran suka danne shi suka ɗaura masa takunkumi saboda shi dila ne. Daga ranar ya yanke shawarar zama abin da duniya ta ce shi ne. Bahaushe ya san takunkumi sani na ido, domin ya ga gardawa suna yawo kasuwa-kasuwa da kura a ɗaure, baki a ƙulle, jama'a na watsa kuɗi. Daga nan ne aka sami karin maganar nan, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan karin magana ta taƙaita ƙarshen fim ɗin fiye da duk wani sharhi. Wadda ta shirya makircin ita ce Bellwether, tunkiya mai sanyin murya, mataimakiyar magajin gari, wadda ke sa a harbi masu cin nama da gubar wani fure don su haukace. Lissafinta na siyasa ne: masu cin ciyawa su ne kashi 90 cikin ɗari, idan aka haɗa kansu da tsoron ragowar kashi 10, mulki ya tabbata a hannunta. Kura ta sha bugu, gardi ya kwashe kuɗi.

Inda Kwatancen Ya Yi Tuntuɓe

Duk da wannan nasara, akwai ɓaraka a tushen ginin. Fim ɗin ya buɗe ne da shaida cewa a zamanin da, masu cin nama suna cin masu cin ciyawa da gaske, daga baya ne aka waye. Ke nan tsoron zomo yana da asali a cikin jini da haƙori. Idan aka ɗauki wannan hoto aka ɗora a kan 'yan Adam, an yarda ke nan cewa akwai al'ummar da aka halitta da farce, wadda kirkinta danne hali ne kawai. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da mai wariya yake faɗa. Tsakanin zomo da dila akwai bambancin halitta, amma babu irinsa tsakanin mutum da mutum.

Ɓaraka ta biyu ita ce sauƙin maganin. An kama tunkiya, an yi wa marasa lafiya allura, an rufe da rawa da waƙa. Fim ɗin bai nuna wani abin duniya da ɓangarorin biyu ke jayayya a kansa ba, babu gona, babu rijiya, babu hanya. Ya mayar da wariya cutar zuciya kawai, alhali a rayuwa takan sami abinci ne daga rikici a kan abin da ake ci da sha.

Daga Allo Zuwa Falgore

Waɗannan ɓaraka biyu suna da muhimmanci ga mai kallo a kudancin Kano, domin yankin mahaɗa ce. Daga Bebeji, inda madatsar ruwan Tiga ta buɗe noman rani tun shekarun 1970, zuwa Tudun Wada da Doguwa, inda dajin Falgore ya shimfiɗu a kan hanyar Jos, Hausawa manoma da Fulani makiyaya da Maguzawa da Kurama suna cin kasuwa ɗaya. Yaron da ya tashi a nan ba ya bukatar a gaya masa wa ake nufi da mai farce. Zai cike gurbin da sunan da ya saba ji a bakin manya.

A shekarun da satar shanu da fashi suka addabi Falgore, wajen 2015, sunan Bafulatani ya fara tafiya tare da zargi a bakin matafiya da yawa. Amma shanun da ake sacewa na makiyaya ne. Mutumin da aka kore wa garke da dare shi ne kuma ake yi wa kallon ɓarawo da safe a tasha. Wannan shi ne takunkumin Nick a zahiri, kuma a nan Zootopia yana da abin koyarwa: laifin 'yan kaɗan ba ya zama halin al'umma, kuma a duk inda tsoro ya yi kasuwa, a nemi gardin da ke karɓar kuɗi.

Sai dai a nan ma fim ɗin ya gaza kai mu ƙarshen hanya. Saɓanin manomi da makiyayi yana da sanadi da ake iya taɓawa da hannu: burtalin da aka nome, mashayar da aka killace, gonar da shanu suka shiga kafin a kwashe amfani. Kafa matsugunin makiyaya da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta yi a dajin Dansoshiya na ƙaramar hukumar Kiru a 2020, ko ma mene ne ra'ayin mutum a kan sakamakonsa, amincewa ce da cewa matsalar ta ƙasa ce da ruwa. Wa'azin haƙuri shi kaɗai ba ya shayar da saniya, ba ya kuma biyan diyyar dawa.

Bugu da ƙari, dangantakar manomi da makiyayi ba ta taɓa zama ta mai ci da abin ci ba. Bayan kaka shanu kan shiga gona su ci kara da harawa, su bar taki. Geron manomi da nonon makiyayi ne ke haɗuwa a ƙwarya ɗaya su zama fura da nono. Abin da ya fi kusa da wannan a Zootopia wata 'yar gajeriyar fitowa ce da ba a cika ambata ba: Gideon Grey, dilan da ya yakushi Judy suna yara, ya girma ya nemi gafararta, ya zama mai gashin burodi da ke hulɗar kasuwanci da iyayenta. A nan ne fim ɗin ya karya dokar hali zanen dutse ba tare da huɗuba ba, kuma ya yi hakan ta hanyar sana'a da cuɗanya.

Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa The Lion King ya gaji baƙin jinin kura ya ƙara masa fenti, Zootopia kuma ya yi ƙoƙarin kwance takunkumin, ya yi nasara wajen tona asirin mai cin riba da tsoro, amma ya bar ƙofa a buɗe ga mai cewa mugunta a jini take. Wannan ba dalili ba ne na hana yara kallo. Dalili ne na dawo da abin da tatsuniya take da shi wanda waya ba ta da shi, wato babba a gefe. Kaka ba ta barin labari ya tafi haka nan, takan tsaya ta ji abin da yara suka fahimta. Malami ko uwa da za su tambayi yaro wa ya ɗaura wa dila takunkumi, kuma wa ya amfana, sun yi rabin aikin da fim ɗin ya bari.

Ragowar rabin yana wuyan marubuta da masu zanen Hausa. Muna da Gizo, wanda ba zaki ba ne ba kuma kura ba, muna da wasan barkwanci da ya mayar da tsohuwar gaba tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, abin dariya. Wanda zai zana labarin dabbobin Falgore ga yaran Riruwai da Kwanar Dangora yana da kayan aiki a gida. Sharaɗin kawai shi ne ya bar kurarsa ta yi abin da tsohuwar tatsuniya ba ta cika ƙyale ta ta yi ba: a ba ta ajiyar nama, ta dawo da shi cif.