Jita Marar Gado: Nazari a kan Kiɗan Rok na Samarin Abzinawa

Abin da wannan takarda ke son nunawa shi ne, kiɗan rok bai shiga ƙasar Abzinawa a matsayin kwaikwayon Turawa kawai ba. Samari sun ɗauke shi ne domin ya ba su wata kafa ta faɗar albarkacin bakinsu, wadda al'adarsu ta gargajiya ba ta tanadar musu ba.

Kafin zuwan jita, kowane abin kiɗa yana da masu shi. Imzad, wato wani irin goge mai tsirkiya ɗaya, na mata ne, maza sai dai su rera waƙa a kansa. Tende, gangar da ake haɗawa da turmi da fatar akuya, ita ma mata ke jagorantar ta. Tehardent kuwa, mai kama da molo, na maroƙa ne masu gado. Duk wanda ya san matsayin maroƙi a ƙasar Hausa zai fahimci dalilin da ya sa ɗan babban gida ba zai taɓa shi ba. Amma jita baƙuwa ce, ba ta da gado, saboda haka ba ta zubar da girman kowa.

Farin 1973 zuwa 1974 ya hallaka dabbobi, ya kora samari zuwa garuruwan Aljeriya da Libiya neman abin kai wa baka. Su ne ake kira ishumar, sunan da aka aro daga kalmar Faransanci mai nufin mai zaman kashe wando. A cikinsu ne, a Tamanrasat, wajen 1979, Ibrahim Ag Alhabib da abokansa suka fara haɗuwar da ta zama ƙungiyar Tinariwen. Shi Ibrahim yana yaro sojojin Mali suka kashe mahaifinsa a lokacin tawayen 1963. Sun saurari irin su Jimi Hendrix da Dire Straits, amma da harshen Tamashek suka yi waƙa, a kan kewa da gudun hijira da haɗin kai. Kaset ɗinsu ya riƙa bin hannu daga Kidal har Agadas kafin tawayen 1990. A ganina, nan ne babban aikin kiɗan: mutanen da a da suka fi sanin kansu da sunan zuriya da rukuni sun fara jin kansu al'umma ɗaya da iyakokin ƙasashe suka raba.

Sai dai kuma akwai abin dubawa. Bayan Tinariwen ta ci lambar Grammy a 2012, kuma Bombino na Agadas ya fitar da faifan Nomad a 2013, kasuwar Turai da Amurka ta fi son hoton ɗan tawaye mai rawani, jita a hannu, bindiga a kafaɗa. Masu sauraron can galibinsu ba sa jin Tamashek, sai su sayi rawanin su bar maganar. Mdou Moctar ya yi ƙoƙarin kauce wa wannan tarko a faifansa na 2024, Funeral for Justice, inda ya fito fili ya soki Faransa.

Na biyu, jita ta mayar da dandalin kiɗa hannun maza, alhali a da mata ke riƙe da shi. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya imzad cikin jerin al'adun duniya, a daidai lokacin da matan da suka iya shi suka ƙaranta. Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad, daga yankin Tawa, ta ɗauki jita ta ɗora mata waƙoƙin tende, amma irinta kaɗan ne.