Laifin Wa Kyauta Ya Ɗauka?

Cikin littattafan hira waɗanda aka buga a Zariya bayan gasar marubuta ta 1933, da wuya a sami wanda ya ke barin mai karatu da nauyin zuciya kamar Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East. Malam Shehu attajiri ne, amma ba shi da ɗa. Ya sa ƙarfin dukiya ya raba Zainabu da saurayinta Abubakar, ya aure ta, ta haifa masa Abdullahi, wanda a ke kira Kyauta. Abubakar ya shiga duniya neman maganin ramuwa, da ya samo kuwa sai ya sa wa yaron. Kyauta ya tashi ɓarawo, har ya kai ga kashe ubansa bai san shi ne ba.

Masu karatu da yawa su kan ce alhaki ne ya kama Malam Shehu, alhaki kuwa kwikwiyo ne, mai shi ya ke bi. To, amma kwikwiyon nan ta kan yaro ya bi kafin ya kai ga mai shi. Ran da aka ɗaura auren Zainabu ko cikin Kyauta ba a yi ba. Mene ne nasa a ciki?

Mutanen ƙasar Indiya, mabiya addinin Hindu da na Buddha, suna da amsa, ita ce abin da su ke kira karma. A wurinsu mutum ya kan mutu ya sake dawowa, aikin da ya yi a wancan zuwa shi zai iske a wannan. Bisa ga haka sai a ce Kyauta tsohon bashinsa ya ke biya. Musulunci bai yarda da wannan ba. Jariri ya kan zo duniya da tsarkinsa, alƙalami ba ya hawa kansa sai ya balaga, ba a kuma ɗora wa wani zunubin wani. Marubutan nan ma ba su ba Kyauta wani tsohon laifi ba. Sun nuna shi fari tas, sa'an nan su ka bari manya su ka ɓata shi. Nan ƙarfin littafin ya ke, domin ya raba abu biyu da a kan gauraya, watau zunubi, wanda ba a gado, da cuta, wadda ta kan sauko daga hannun babba ta faɗa kan ƙarami.

Wanda ya ke ganin wannan zancen littafi ne kawai, sai ya tuna da abin da ya auku a Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Tungar Guru, maza su kan haƙo dutsen zinariya su kawo gida a daka ko a niƙa. Ashe dutsen cike ya ke da dalma. Ƙurarsa ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara wajen 400 su ka rasu, galibinsu ba su kai shekara 5 ba. Iyayen nan abinci su ke nema, ba su ƙwace matar kowa ba, ba su kuma san da guba a dutsen ba. Da an tsaya ga cewa alhaki ne, da ba a auna jinin yaran ba. Likitocin MSF su ka shiga ba da magani, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, mutuwar ta ragu.

Inda Jiki Magayi ya gaza shi ne wajen Kyauta bayan ya girma. An daɗe ana bin Abubakar daji daji yana neman magani, amma ba a tsaya an leƙa zuciyar yaron sosai ba. Tun da an ce asiri ne ya ke jan hannunsa, mai karatu ba shi da ma'aunin da zai gane inda sammun Abubakar ya tsaya, da inda son ran Kyauta ya soma, ga shi kuwa baligi ne sa'ad da ya kashe uban nasa.